Mata Ashirin da Ɓawon Rumman

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya kai ni Amurka, ɓawo nake ce masa. Sai ya yi dariya, ni kuwa ba raha nake yi ba. Haɗa magunguna na karanta a Zariya, na yi shekara huɗu ina miƙa wa mutane ƙwayoyi ta taga a wani asibiti, sannan wani Farfesa a Greensboro ya ɗauke ni digiri na biyu a ɗakin bincikensa. Tun ranar farko aka bayyana min sharaɗin: zamana a ƙasar yana rataye ne da wurina a wannan ɗakin. In Farfesa ya sabunta min a ƙarshen shekara, na zauna. In bai sabunta ba, bizata ta mutu, sai in tattara nawa ya nawa.

A watan Agusta na sauka, cikin wani zafi mai danshi da ke sa kaya su manne wa mutum a jiki. Na samu ɗaki a unguwar Glenwood, a saman wani tsohon gidan katako, tare da wasu ɗalibai mata biyu. Safiyar farko na tsaya na gaishe da ɗaya daga cikinsu a kicin, har da tambayar yadda ta kwana da gajiyar jiya. Ta zare abin jin waƙa daga kunnenta, ta dube ni a tsorace, ta ce me ya faru. Ban sake ba. Wata uku muna gida ɗaya, abin da ya fi haɗa mu shi ne takardar da suke liƙawa a jikin firji cewa girkina yana da ƙarfin wari.

Aikin da aka ba ni shi ne falle. Wani ɗan siririn abu ne, girman kan sarki, a ɗora shi a harshe ya narke kafin a ƙirga talatin, ba ruwa, ba haɗiya. Domin tsofaffin da ƙwaya ke maƙale wa a wuya ake yin sa, da masu gyambon baki waɗanda ko ruwa da ƙyar suke kurɓa. Maganin da za a sa a cikinsa kuwa daga ɓawon rumman za a tatso shi. Wannan bai ba ni mamaki ba, don da shi kakata take kurkure mana baki in ya yi ƙuraje. Abin da ya ba ni haushi shi ne na tsallake teku, na baro uwata tana hawaye, na zo na tarar da maganin kakata a kwalba an manna masa lamba.

Litinin da Alhamis nakan hau bas da bokiti mai murfi, in je wani shagon da ake matse 'ya'yan itace, in karɓo ɓawon da suka ware min. In wanke, in busar a tanda da wuta kaɗan, in niƙa, in jiƙa, in tace, in dafa ruwan har ya yi kauri, in kwaɓa da wani irin sitaci, in zuba a faifan gilashi ya bushe, sannan in yanka. Yatsuna suka rine kamar lallen da ya fara dushewa. A bas, in na zauna da bokitina, kujerar kusa da ni takan zama ta ƙarshe da ake cikawa. Watannin farko danshin garin ya hana fallen bushewa, in na zo ɗagawa ya biyo yatsa kamar ƙaro. Da sanyi ya shigo kuma sai ya koma karyewa. Na sha zama a banɗakin bene na uku in yi kukana, in wanke fuska, in koma in sake kwaɓi.

A masallaci na haɗu da Hajiya Mairo, wata Juma'a. Ina neman takalmina na ji wata murya a bayana tana faɗa da wani a waya, da Hausar Kano tsantsa. Na juya na durƙusa na gaishe ta. Ta kashe wayar ba sallama, ta riƙo haɓata ta ce, "Ke 'yar wace ce? Wa ya bar ki kika rame haka?"

Ta fi shekara ashirin a garin. Gidanta yana Pleasant Garden, a bayan gari, can inda bas ba ya zuwa, don haka da kanta take tuƙo mota ta ɗauke ni. Ita ta ba ni rigar sanyi ta farko. Ita ta koya min inda ake samun garin da ya fi kama da na tuwo. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata matan Arewa sukan taru a falonta, Musulmi da Kirista, a ci, a sha zoɓo, a yi gulmar waɗanda ba su zo ba. A can na san Anti Rifkatu, 'yar Kagoro, mai kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ba don wannan falon ba, da ban kai watan Disamba a ƙasar ba. Ina so a riƙe wannan, domin abin da zan faɗa gaba ba ya goge shi.

Zuwa Fabrairu na shawo kan fallen. Yana ɗagowa sumul, yana lanƙwasuwa bai karye ba, yana narkewa a kan lokaci. Saura abu ɗaya: ɓawon rumman yana da ɗaci, yana kuma da bauri mai ɗaure harshe. Farfesa mutum ne da ba ya kewaye-kewaye. Ya ce min maganin da tsoho zai tofar ba magani ba ne, in ban rufe ɗacin ba kafin Afrilu, ba shi da hujjar riƙe ni. Na sa zaƙi, na sa na'a-na'a, na rage, na ƙara. Haɗi na goma sha ɗaya na ɗora a harshena ni kaɗai a ɗakin. Zaƙi ya fara zuwa, har na lumshe ido. Sai ɗacin ya taso daga can baya, ya cika min baki, baurin ya biyo shi ya tattare min dasashi. Na tsaya a gaban famfo ina kurkure baki, ina gaya wa kaina cewa harshena ne ya lalace da yawan ɗanɗane. Na san ba haka ba ne.

Kwamitin jami'a ya ba da izinin a gwada ɗanɗanon a bakin manya ashirin, ni kuma aka bar min nemo su. Na liƙa sanarwa mako biyu, mutum biyu suka kira, ɗaya ma bai zo ba. Da na faɗa wa Hajiya a mota, sai ta yi tsaki.

"Mutum ashirin ne ya hana ki barci? Ki kawo abin ranar Asabar. Mu meye amfaninmu?"

Ƙa'idar tana rubuce, kuma na karanta ta. Kowa ya ɗanɗana shi kaɗai, ya kurkure baki, ya cike fom ba mai kallonsa, wadda ta haɗa abin kuma kada ta kasance a wurin. Amma a gaya min, ta yaya ƙaramar yarinya kamata za ta shiga falon Hajiya ta ce wa iyayenta su tashi su yi layi a ƙofar ɗaki, ana kiransu ɗaya bayan ɗaya? Bakina ba zai iya ba. Sai na jera fallen a farantin tangaran, na bi su ina durƙusawa, ina miƙawa da hannu biyu kamar mai rabon cincin ranar suna. Kuma da babba na fara, don haka aka koya min.

Hajiya ta ɗora a harshe. Kowa ya zuba mata ido. Na ga idonta na hagu ya ƙifta, na ga maƙogwaronta ya motsa sau biyu. Sannan ta yi murmushi.

"Tubarkalla. Yarinyar nan hannunta da albarka. Kamar alewa." Ta ɗauki fom ɗin ta nisanta shi da idonta. "Wace lamba ce mai kyau?"

Na ce, "Hajiya, abin da kuka ji za ku zaɓa. Ɗaya babu ɗaci, biyar ɗaci sosai."

"To, ɗaya. Cike min, 'yata, ban sauko da tabarau ba."

Na cike mata. Na cike wa wasu huɗu da suka ce su ma idonsu ba ya gani. Sauran suka yi ta miƙa wa juna biro guda. Kowa ɗaya. Ana ta sa min albarka, wata har tana tambaya ko za a fara sayarwa. Amma na ga yadda jug ɗin zoɓo ya ƙare cikin minti biyar, na ga wata ta faki ido ta goge harshe da gefen mayafi, na ga Anti Rifkatu ta shiga kicin ta daɗe a gaban famfo. A wurinmu, macen da ta durƙusa ta miƙa maka abin hannunta ba a ce mata bai yi ba, ko da gishiri ya kashe shi. Na san wannan tun kafin in san karatu. Na tattara takarduna ina godiya, ranar Litinin na ajiye su a teburin Farfesa.

Ya yi murna, irin murnar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce sakamakon ya yi kyau har ya kamata a maimaita shi kafin a rubuta, ya sa wani ɗalibinsa ya nemo wasu mutanen, a bi ƙa'ida daki-daki. Ranar gwajin ina zaune a waje ina jin ƙarar kwandon shara ana buɗewa ana rufewa. Kusan dukansu suka tofar.

Washegari ya kira ni ofis. Ya baje takarduna ashirin a tebur, ya ware biyar gefe, ya ajiye littafin aikina kusa da su. Biro ɗaya, amsa ɗaya, biyar kuma rubutuna ne ƙarara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce abin da ido ke gani shi ne na zauna na cike su da kaina, kuma dole ya kai maganar gaban kwamiti. In akwai mutanen da gaske, su zo su faɗi abin da ya faru.

Hajiya ta ɗauko ni zuwa gidanta ranar Laraba. Na bari sai da muka zauna, na sauka ƙasa kusa da ƙafarta, na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara tana juya zoben hannunta.

"Wato in je gaban Turawa in ce ni Mairo na yi ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, Hajiya, kara ce. Haka za ku ce musu."

"Su sun san kara? Rikod za su yi, su rubuta sunana a fayil. Kin san ko su waye a cikin matan nan? Akwai wadda takardun zamanta ba su gama fitowa ba, akwai mai aiki a asibiti da lasin. Ki ce su je su sa hannu cewa sun cike fom na ƙarya? Maigidana ma ba zai bari ba."

"To ni fa, Hajiya? Korata za a yi."

"Mu taimakonki muka yi, Nafisa. Allah ya gani."

A nan zuciya ta ɗebe ni. Ina da baki, tun ina yarinya ake faɗa min. Na ce, "Taimakon nan naku ne ya kashe ni. Da mutum ɗaya a cikinku ya buɗe baki ya ce da ɗaci, da ban kai nan ba."

Ta dube ni, kallon da har yau in na tuna nake jin kunya. Ta tashi ta zuba min miya a roba kamar kullum, ta ɗaure a leda, ta ɗauki makulli. Ba ni da hanyar barin gidan sai a motarta, don haka muka yi tafiyar nan gaba ɗaya robar miya tana ƙona min cinya.

Na kira sauran ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ɗauka ta ce tana wurin aiki za ta kira, wadda ba ta ɗauka ba ta turo min addu'a. Labarin abin da na faɗa wa Hajiya ya riga ni isa ko'ina. Juma'ar da ta biyo, matan da ke rungume ni suka amsa sallamata suna duba jaka.

Kwana uku kafin zaman kwamiti, Anti Rifkatu ta kira ta ce in same ta a Irving Park. Na sauka a bas na yi tafiya mai nisa tsakanin manyan gidaje da ba kowa a ƙofarsu. Ta fito bakin titi da kayan aikinta, ta ce minti goma gare ta kafin tsohuwar ta farka.

"Zan zo," in ji ta. "Ba don kin kyauta wa Hajiya ba, ba ki kyauta ba. Amma ni kullum nake ba tsohuwar nan magani. In ta ji ɗaci sau ɗaya, ta rufe baki ke nan, sai in kwana uku ina lallashi. Na san wannan, kuma na zauna na zaɓi ɗaya don kada ki ji kunya. Tun ranar abin yake damuna, ko a coci ba na samun natsuwa."

Ranar zaman, mutum uku ne a bayan dogon tebur, Farfesa yana gefe. Anti Rifkatu ta bar aikinta na ranar ta zo, ta sa atamfa har da ɗauri. Ta yi musu bayani da Turancinta a tsanake: cewa mata ashirin ɗin suna nan da ransu, ita ce ɗaya, cewa abin yana da ɗaci har ya sa ta kusa amai, cewa a inda muka fito ba a kushe abin hannun mutum a gabansa, balle babba ta riga ta yaba. Ta ce laifin nasu ne, su manya. Na ga fuskokin sun sassauta. Shugabar kwamitin, wata mai furfura, har ta gyaɗa kai tana rubutu. Na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai shugabar ta ɗago ta tambaye ni, a hankali, kamar abin da ta tuna a ƙarshe, ko ni na taɓa ɗanɗana wannan haɗin kafin in kai musu.

Anti Rifkatu ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya gan ni ranar da na ɗanɗana. In na ce a'a, na zama yarinyar da ba ta san ƙa'ida ba, al'adarsu ta ruɗe ta, a yi mata faɗa a bar ta. Ba zan cika baki in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba. Gajiya ce ta fi yawa. Wata biyu ke nan kowa yana faɗin abin da ba shi ne a bakinsa ba, ni ce kan gaba, kuma na ji in na ƙara guda ɗaya ba zan iya ɗaga kaina ba.

Na ce na ɗanɗana.

Ta ce yaya na ji shi.

Na ce da ɗaci.

Ta ce, lokacin da na ajiye takardun a teburin Farfesa, na san abin da ke cikinsu ba gaskiya ba ne?

Na ce na sani.

A wurin ajiye motoci Anti Rifkatu ta daɗe tana neman makullin da ke hannunta. Ta ce, "Na bar aiki, na zo na tsaya gaban mutane na kira kaina maƙaryaciya saboda ke. Kin kyauta wa Allah, Nafisa. Ni dai ba ki kyauta min ba." Duk da haka ta buɗe min ƙofa ta kai ni har gida.

Bayan mako ɗaya takarda ta fito. An wanke ni daga zargin ƙirƙiro mutane. An same ni da karya ƙa'idar gwaji, da cike fom da hannuna, da miƙa sakamakon da na san ba daidai ba ne. Farfesa ya gaya min da bakinsa cewa ba zai sabunta ba. Ya ce fallena shi ne mafi kyau da aka taɓa yi a ɗakin, wani zai ɗora daga inda na tsaya, amma ba zai ƙara iya yarda da lambar da ta fito daga hannuna ba. Bai sa min ko ɗan zaƙi a maganar ba. Na tsane shi a wannan ranar, kuma na kasa samun inda ya yi kuskure.

Ana saura kwana biyu in tashi, ina tsugune ina danna kaya a akwati da rana tsaka, aka ƙwanƙwasa. Hajiya Mairo ce, tana haki saboda matakala, da leda a hannu. Tun ranar Larabar nan ba mu yi magana ba. Na rasa inda zan sa ta, ta zauna a bakin katifa. Ta ciro turmin atamfa da kwalbar turare ta ce in kai wa mahaifiyata. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi jirgi, ta tambayi wanda zai tare ni a Kano. Sannan ta mayar da idonta kan akwatin.

"Nafisa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa duk da ba kowa a ɗakin sai mu. "Wallahi abin nan naki, kwana biyu ban ji ɗanɗanon abinci ba. Ban taɓa sa abu mai ɗaci irinsa a bakina ba."

Na tsaya da riga a hannu. Maganar da na durƙusa na roƙa, ga ta an kawo min har ɗaki, ranar da ba za ta saya min ko kwana ɗaya a ƙasar ba. Abubuwa da yawa suka taso min, kuma ina da bakin faɗarsu.

Ta ce, "Kin yafe mana?"

Idonta ya cika. Tsohuwa ce, ta hawo bene saboda ni, ta miƙo min abin hannunta.

Na ce, "Haba Hajiya, ba komai. Ai ba ku yi min komai ba sai alheri."

Ta san ba haka ba ne, na kuma san ta sani. Ta gyaɗa kai, ta goge ido, sannan ta tashi ta hau kan akwatin ta zauna don in samu in ja zif.